Damin Aro a Gonar Gwaji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifinki a Filinge, zuwa ga ɗiyata wadda bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba, tun da sunan mahaifiyata ta ci. Uwata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ki, kuma kin iske mutanen kirki a masaukinki. Allah shi tsare mini ke a ƙasar da ba mu da kowa sai Shi, shi kare ki daga sharrin hanya da na baki da na ido. Innarki tana gaishe ki. Yayanki Idi da ɗiyarsa Zalika suna gaishe ki. Labarin gida kuwa kina samunsa kullum a waya wajen innarki, har da wanda bai faru ba, don haka ba zan ɓata takarda a kansa ba.

Na ƙi yi miki wagga magana a waya don na san halina, da na ji muryarki sai in kama wasa. Kuma na rubuta da Hausa da gangan. Shekara da shekaru ina rubuta rahoto da Faransanci, hannuna ya saba da shafa wa magana mai a cikinsa, ban yarda da shi a kan abin da zan gaya miki ba.

Bari in fara da abin da ya cika mini ƙirji. Ina alfahari da ke, Uwata, alfaharin da har tafiyata ta sake. Innarki ta ce tun ranar da takardarki ta zo hulata ta koma ƙeya, wai in na fita masallaci sai ka ce ni anka kira aikin. To, ta faɗa, ban musa ba.

Ranar da kinka zaunar da mu tsakar gida kina yi mana bayani na yi kamar na gane duka. Ga dai abin da ya zauna a kaina, ki gyara in na kauce. Kin ce cikin ɓargon ƙashi akwai wasu ƙwayoyi da ba su riga sun zaɓi aikinsu ba, daga gare su jini ke fitowa. In anka ɗebo su daga mai lafiya anka dasa wa mai amosanin jini, ko anka gyara nasa anka mayar masa, jikinsa zai iya komawa yin jini mai kyau. Kin ce ana yin haka a wasu ƙasashe, amma da tsadar da ko mai garke ba ya tunkara, kuma aikinki shi ne neman hanyar da za ta sauko da abin inda hannun talaka zai kai. Kuɗin binciken kuwa, kin ce gwamnatocin ƙasashenmu ne sunka haɗa daga baitulmali, anka zaunar da kwamitin masana ya karanta takardun masu nema, ya zaɓi taki, kuma kowace shekara za a zo a duba abin da kinka samu kafin a saki na gaba. Sannan kinka ƙara da maganar da ta sa na tashi na shiga ɗaki don kada ku ga idona: wani kamfani ya yi miki tayin abin da ya fi wannan, da sharaɗin duk abin da kinka gano ya zama nasa, ya sa masa kuɗin da ya ga dama, kinka ce a'a.

Zalika tana kwance kan tabarma rannan, amosanin jininta ya taso mata a gwiwa da baya, ba ta gane rabin abin da kike faɗa ba, amma idonta bai bar fuskarki ba. Na ga kin gani, na ga kin kawar da kai. Wannan kallon ne ya sa na ɗauki alƙalami, don ina tsoron ranar da masu duba aiki za su zo su iske gwajinki bai yi ba, ki tsaya tsakanin gaskiya da yarinyar nan. Na san za ki ce, "Haba Baba, ni?" Uwata, in kin ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ni ya zo mini, kuma na gudu. Ba ki san labarin ba, innarki ma rabinsa ta sani.

Kafin a haife ki, ina malamin gona sabon kamu, anka tura ni wani ƙauye gabas da Tabla. Wani furoje, wato shirin bunƙasa noma, ya zo da kuɗin gwamnati da na masu taimako, ya kawo sabon irin hatsi mai saurin nuna, anka ba ni fili in yi gonar gwaji, anka haɗa mini da babur ja. Wallahi babur ɗin na fara kallo kafin takardar. Na sa hannu ban karanta rabin sharuɗɗan ba, ban kuma tambayi manomi ko ɗaya abin da yake nema ga hatsi ba. Da na tambaya, da sun gaya mini cewa a ƙasarmu ba ƙwaya kaɗai ake shuka wa hatsi ba. Kara ake so mai tsawo, a yi darni, a yi rumbu, saura makiyaya su shigo da shanu bayan girbi su ci su bar taki. Sabon irin gajere ne, iyakarsa ƙugu. Waɗanda sunka tsara abin a biro, can ofishin manya, ƙwaya kawai sunka auna, ni kuwa da ya kamata in zama bakin mutanen sai na zama bakin biro.

Saboda haka ki karanta takardar kuɗin nan kamar yadda innarki ke tsince tsakuwa a shinkafa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, to ki san askin da za ki yi tun kafin ki ci. Wa zai mallaki abin da kinka gano? Wa zai sa masa kuɗi? In gwaji ya ƙi, mi takardar ta ce? Kuma ki nemi a zaunar da iyayen masu ciwon a inda ake yanke shawara, ba don ado ba. Uwar da ta san nisan ƙauyensu da asibiti a kan amalanke za ta gaya muku abin da babu shi a littafinku. Kuɗin nan ai nata ne. Lanho ne, harajin nan da anka karɓa hannun mai sayar da ƙuli da mai sayar da rago a kasuwa, ya zaga ya zaga ya zama kwalabe a ɗakin gwajinki.

Shekarar farko gonar gwaji ta yi dama-dama. Ta biyu ce ta tona mini asiri. Irin ya riga kowa nuna, shi kaɗai a tudun, sai tsuntsaye da murzuna, tsutsar nan mai bin zangarniya, sunka taru a kansa kamar an yi musu gayya. Na yi girbi na ɗaure, abin da na samu ko kayan jaki ɗaya bai isa ba. Ga masu duba aiki za su zo daga Yamai da sikeli nan da kwana uku, kuma na san ƙa'idar: in awo ya yi kyau a sabunta furoje, in bai yi ba a rufe, babur ya koma, ni in koma jiran aiki. A lokacin innarki tana da cikin Idi.

To, dama na ba yayana, Allah shi jiƙansa, ɗan mudu na irin nan ya jarraba a gonarsa ta fadama cikin dallol, babban kwarin nan inda Fulani ke sauka da shanu kowace rani. Can kuwa, ga taki ga laima, ya yi kyau abin sha'awa. Sai na jira ranar kasuwa, gari ya watse, da rana tsaka na kora jakai biyu na kwaso dammunansa na jibge a gonar gwaji. Ina tafe ina yi wa kaina fatawa: ai iri ɗaya ne, ai ba sata na yi ba aro ne, ai baɗi zai yi kyau in gyara. Baƙi sunka zo, sunka auna, sunka rubuta. Babbansu ya dafa kafaɗata ya ce irina ƙasar ke nema. Na yi murmushi na ce na gode, kuma abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne daɗin maganar na ji har raina.

Ki lura, Uwata, ba mugunta ta sa ni ba, kuma ba kwaɗayi kaɗai ba. Tsarin ne ya ce kowace shekara sai an ga albarka, ni kuwa ban da ƙashin bayan da zan ce wa manya shekara ɗaya ba ta isa a san halin iri ba. Ke naki aikin ma ya fi nawa jinkiri, kin ce ƙwayoyin nan sai a yi wata da watanni ana renonsu kafin su nuna halinsu. Don haka tun yanzu da fuskarki ke da fari wajen kwamitin, tun ba ki da abin ɓoyewa, ki je ki ce musu a rubuta cewa abin da za a duba kowace shekara shi ne ko an yi aikin da kyau, ba ko an samu abin da ake fata ba. Mai ba da kuɗin bincike da ba ya son jin "bai yi ba" yana koya wa mutanensa ƙarya ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ki faɗa musu da ladabi, kin fi ni iya zaɓen kalma. In sun ƙi, kin dai san inda ramin yake.

Ƙaryar ba ta tsaya a sikeli ba. Da rahotona ya isa, anka ce iri ya ci jarrabawa, a raba wa manoma. Sharaɗin shi ne duk wanda ya karɓa ya shuka shi kaɗai a gonarsa, kada ya gauraya da na gida. Kin san al'adarmu: kafin a ɗaure girbi maigida kan bi gona ya zaɓi zangarniyar da ta fi kowace cika, ya ɗaure damin iri daban, a sa shi can ƙuryar rumbu, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi. Ni, ɗan jiya, na tsaya gindin gawo na ce wa dattawa wannan aikin da ne, yanzu gwamnati ce rumbun iri. Sunka yarda da ni. Gida gida anka sauko da damin iri anka daka anka sha fura.

Mutum ɗaya ta ƙi, wata tsohuwa, mahaifiyar wani manomi Arzika wanda gonarsa ke maƙwabtaka da gonar gwaji. Na same ta tana sussuke zangarniyarta tana zubawa a tulu, tana barbaɗa toka, ta liƙe bakin da yumɓu. Na ce, "Inna, wanga wahala ta mi? Ga iri kyauta." Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ɗan nan, babur ɗinka na gwamnati ne, cikina kuwa nawa ne." Na yi dariya, har na ba abokan aikina labari muna ta ƙyaƙyatawa.

Damina ta zo, ruwa bai yi laifi ba, amma abin da ya faru a gonar gwaji shi ya faru a gonakin gari duka. Ba zan iya kwatanta miki fuskokin mutane a kakar nan ba. Maza sunka watse cin rani tun ba a gama girbi ba, Arzika ya sayar da shanun nomansa biyu, akwai gidajen da sunka tashi ba su sake dawowa ba har yau. Da damina ta kewayo, tulun tsohuwar nan anka fasa. Ta riƙa ba kowane gida cikin tafin hannu, anka shuka a bayan ɗaki ana tsaro kamar jariri, sai da anka yi 'yan shekaru kafin irin gari ya koma gonaki.

Ga darasin, kuma ki riƙe shi ko ranar da za ki zama mai raba kuɗin ba mai karɓa ba, don na ga alama za a kai can. Kada a zuba dukiyar jama'a duka a hanya ɗaya, ko da hanyarki ce, ko da kin rantse ita ce daidai. A bar wani kaso ga mai wata dabara daban, har wanda kuke gani kamar ya tsufa a tunani. Kuma kada sabon magani da bai iso ba ya sa a janye hannu daga tsohon da ke riƙe da ran yara yau, maganin zafin ciwo, da ƙarin jini, da gwajin jini kafin aure. In kina da mai taurin kai cikin ma'aikatanki, mai cewa "ban yarda ba, a sake aunawa", kada ki kore shi, ki ƙara masa kujera kusa da ke. Na san ba ki son gardama, kin gado ni, shi ya sa nake faɗa.

Kina tsammani bayan wannan na fito na faɗi gaskiya? Ina! Na zauna na rubuta rahoto mai shafi da yawa na ɗora wa ruwan sama laifi, na ce ya yanke a lokacin da bai dace ba. Ruwa ba shi da baki, bai musa ba. Anka karɓa, anka ce irin yana da kyau shekara ce ta ƙi, anka ɗauke shi anka kai wajen Sanam, can ma ya yi abin da ya saba. Da na rubuta layi biyu na gaskiya tun farko, cewa irin nan na fadama ne ba na tudu ba, da mutanen can ba su sha abin da sunka sha ba, kuma da irin kansa ya yi amfani inda ya dace. Ni kuwa anka ƙara mini girma, anka dawo da ni biro a Filinge. Da albashin wannan kujera na sa ki lekol, makarantar boko, na sayo miki littattafan da kike karantawa kina tafiya har kina karo da turmi. Ban faɗa don in ɗora miki nauyi ba, laifin nawa ne ni kaɗai. Na faɗa don ki san abin da na daɗe ina haɗiyewa duk ranar da kinka kawo sakamako mai kyau.

Saboda haka gwajin da ya ƙi ma dukiya ce, kuma ta waɗanda sunka biya ce. Ki rubuta shi, ki buga shi inda kowane mai bincike zai gani, don kada wani a wata ƙasa ya sake kashe kuɗin talakawansa a kan ramin da kinka riga kinka faɗa. Kuma kada bayaninki ya tsaya wajen masu Turanci da Faransanci. Sau ɗaya a shekara ki nemi gidan rediyo ki yi magana da Hausa da Zabarmanci, ki ce ga abin da munka yi da kuɗinku, ga inda munka dace, ga inda munka sha ƙasa.

Yanzu ga kuskuren da ko wata bai yi ba, don ki san tsufa bai gama gyara ni ba. Bayan tafiyarki na je kasuwar Bonkuku sayen rago, na zauna rumfar masu shayi, baki ya ɗebe ni. Na ce ɗiyata ta tafi kawo maganin amosanin jini, gwamnatoci sun ba ta kuɗi, an kusa gamawa da ciwon nan. "An kusa" ɗin nan ni na ƙara, ke ba ki taɓa faɗa ba. Bayan kwana shida sai ga sallama a ƙofar gida. Wani makiyayi ne da matarsa, da ɗiyarsu a goye duk da ta wuce goyo, idonta ya yi ɗorawa. Ya ce, "Nan ne gidan mai sabon jini?" Ashe karsana ya sayar ya yi kuɗin mota.

Uwata, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na shigo da su, anka ba su ruwa da fura, na zauna na warware masa da bakina cewa bincike ne, ba magani ba tukuna, zai iya ɗaukar shekaru, zai iya ƙi ma. Ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya ce, "To, Allah shi sa jikokinmu su gani." Munka raka su asibiti anka duba yarinyar, na biya musu motar komawa, amma karsanar ta riga ta tafi. Da sunka fita innarki ta ce mini, "Malam, ita tana can tana auna magana da cokali, kai kana nan kana rabawa da ƙwarya."  Ki yi hattara da masu son ki, irina. 'Yan jarida da manyan da sunka sa hannu a kuɗin za su so ki ce an kusa, don su ma su samu abin faɗa. Kalma ɗaya da za ki ƙara a can, saniyar wani ce a nan.

Zuwan makiyayin nan ne ya tayar mini da tsohon miki. Na ce ba zan rubuta miki nasiha a kan gaskiya ba alhali tawa tana binne. Ranar Laraba na hau motar Tabla, daga nan na samu amalanke zuwa ƙauyen. Tsohuwa ta daɗe da rasuwa. Arzika na nan, ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, na iske shi a inuwa yana tufka igiya. Da ya ji muryata ya ce, "A'a, Mushe! Kai ne yau a garinmu?" Haka suke kirana tun da, kamar yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci. Anka kawo ruwa, munka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na rasa ta inda zan kama. Daga baya na ce, "Arzika, wata magana ta kawo ni, ta daɗe a cikina."

Ya ce, "Ta dammunan fadama?"

 Ya ci gaba da tufkarsa, ya ce, "Ai ban tahi kasuwa ba rannan, ƙaya ta sa ƙafata ta kumbura. Ina zaune bakin rumbu ina kallonka, kai da jakai biyu. Sawu ukku ka yi."

Na ce, "To mi ya hana ka magana da baƙi sunka zo?"

Ya ce, "Ni? In ƙaryata mutumin gwamnati mai takarda gaban manyan Yamai? Na ce ko haka aka yin aikin boko, mai ilimi ya san abin da shi kai. Shi ya sa da anka kawo irin na amsa, na sauko da damina na ba mata sunka daka."

Ya gani da idonsa, Uwata, amma ya fi yarda da karatuna a kan idonsa. Shekarun nan duka in munka haɗu a kasuwa shi ke fara gaishe ni, ya taɓa aiko mini da zabi biyu lokacin sunanki. Na roƙe shi gafara, hawaye na zuba, ban damu da wa ke kallo ba. Ya ce ya yafe tun tuni, shi dai yana tunanin ko zan zo kafin ɗayanmu ya mutu. Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce ya ji labarin ɗiyata da ta tahi neman magani, in gaya miki su ba su iya karanta sikelinki ba, abin da kinka ce shi za su ɗauka.

Wannan shi ne nauyin kuɗin jama'a, kuma ya fi na kamfani nesa ba kusa ba. Kamfani yana da masu bin sawunsa. Talaka kuwa ya ba ki, ya koma gonarsa, ko ya ga abin da bai gane ba zai ce mai ilimi ya san abin da yake yi. Kwamiti zai auna abin da kinka ɗora masa a sikeli ne kawai. Abin da ya faru kafin a ɗora, daga ke sai Allah.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Na san lissafin da ke ranki, don ni ma ina yin sa. Zalika tana girma, ciwon yana ƙara cin ƙashinta, in anka yanke kuɗin a shekara ta biyu ko ta uku, mai yiwuwa abin ba zai iso a lokacinta ba. Ranar da sakamako zai fito ba yadda kike so ba, Shaiɗan ba zai zo miki da maganar kujera ko suna ba, ya san ba ta nan ake kama ki ba. Da fuskar Zalika zai zo. Zai ce ki gyara lamba ɗaya, ki ajiye gwaji ɗaya a aljihun tebur, baɗi a gyara.

Da na dawo daga ƙauyen na kira Idi, na ba shi labarin nan duka kamar yadda na ba ki, na kuma gaya masa abin da nake tsoro. Kin san yayanki ba mai yawan magana ba ne. Sai ya ce, "Baba, ka rubuta mata cewa ban ba ta ɗiyata jingina ba. Ran Zalika yana hannun Allah, ba a hannunta yake ba. In ta yi ƙarya saboda tawa, ɗiyan wasu za a dasa wa ƙaryar a ƙashi. Ba na so." Yana faɗa, ya tashi ya fita. Ban taɓa sanin na haifi mutane biyu irinku ba, ni da na kora jakai da tsakar rana.

To kin ji, daga bakin uban yarinyar. Mun sauke miki wannan kaya, kada ki sake ɗauka. Ki yi aikinki da natsuwa, ki ci abinci a kan lokaci, kada ki bar sallah ta wuce ki saboda kwalabe. In kin dawo da magani zan tarbe ki a tasha. In kin dawo da takarda mai cewa an gwada da gaskiya bai yi ba, an rufe aikin, zan tarbe ki a tashar nan dai, da babbar rigata, kuma ni zan ɗauko miki jaka a kaina mu ratsa kasuwa kowa ya gani.

Allah shi yi miki albarka, Uwata. Allah shi tsare gabanki da bayanki, shi haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa, shi ba hannunki sa'a, shi ba harshenki ƙarfin faɗin abin da idonki ya gani. Allah shi ba Zalika da sauran yara masu ciwon nan sauƙi, ta hannunki ko ta hannun wani. Allah shi maido mana ke lafiya, ki iske mu lafiya, in kuwa ba ki iske ni ba, ki yafe mini, ni na yafe miki duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.